Gwaggo Ba Ta Nuna Ba Tukuna

A cibiyar binciken kifi da ke bayan gari, Ungozoma ake kiransa, duk da cewa namiji ne mai furfura a gemu, mai 'ya'ya mata huɗu da jikoki. Maigadi ne ya laƙaba masa sunan tun da daɗewa, ranar da ya leƙa ɗakin ƙyanƙyasa ya tarar da shi rungume da wata tarwaɗa cikin jiƙaƙƙen tawul, yana matsa mata ciki a hankali yana cewa sannu, sannu, an kusa. Da farko ya yi fushi, ya kai ƙara ofis, ya daina amsa gaisuwar Maigadi. Daga baya sunan ya zauna masa daram, har in baƙo ya zo bakin ƙofa ya ambaci sunansa na gaskiya, sai a ce masa babu mai wannan suna a nan, ya gwada gaba.

Ba kifi ne ya kawo shi wurin ba. Lebura ya zo yana saurayi, lokacin da ake gina tankunan siminti. Da aka gama gini aka sallami kowa, shi aka manta da shi, shi kuma bai ga dalilin tuna wa kowa ba. Ya fara da wankin tanki, ya koma watsa abinci, daga nan ya koma riƙe wa wani tsoho mai aikin ƙyanƙyasa roba, har tsohon ya tafi, robar da wuƙarsa suka dawo hannunsa.

Aikin ba shi da wuyar bayani, ko da yake shi bai taɓa iya bayyana shi a gaban surukai ba. Tarwaɗa ba ta yarda ta hayayyafa a tanki don kanta, sai an sa hannu. In mace ta nuna, wato cikinta ya cika ya yi laushi, sai a yi mata allura a bar ta ta kwana, washegari a matse ƙwan a roba, ƙanana kamar kan allura. Daga nan a mayar da ita ruwa, ta ci gaba da iyo kamar ba ita ba. Namiji kuwa ba ya matsuwa. Ko wuni za ka yi kana matsa shi ba zai ba ka ɗigo ɗaya ba. Sai dai a buga masa sanda a ka, a farke cikin, a ciro wasu 'yan jakunkuna biyu farare, a tsiyaye ruwansu a kan ƙwan, a juya da gashin kaza. Gangar jikin a jefa a baho, Maigadi ya zo ya ɗauka yana sa albarka.

Mace ta koma ruwa, namiji ya tafi wurin Maigadi. Abin da Ungozoma ya yi ta gani ke nan tun gemunsa na baƙi, kuma in ka tambaye shi zai ce maka bai taɓa kawo komai a ransa game da hakan ba. Ƙarya yake yi. Shaidar ƙaryar tana kwance a tankin lungu, kusa da famfo, tsawonta ya kai hannun babban mutum.

Ga yadda aka yi. Wata safiya, kusan shekara goma da suka wuce, ya kamo wani namiji ya ɗora a tebur, ya ɗaga sanda. Sai kifin ya yi wannan ɗan gurnanin da tarwaɗa ke yi in an fito da ita daga ruwa. Duk suna yi, ya ji dubbai. Amma na wannan ya fito daidai da tsakin da mahaifinsa ke yi in an tashe shi daga barcin rana. Sandar ta tsaya a sama. Manajan wancan lokacin, mutum mai farar riga da ba ya son santsin kifi ya taɓa shi, ya zo wucewa ya tambayi me ake jira. Kafin Ungozoma ya yi shawara da zuciyarsa, bakinsa ya riga ya amsa.

"Mace ce, ranka ya daɗe. An yi kuskuren tanki."

Manaja ya ce to a mayar da ita mana, ya wuce. Ungozoma ya kai kifin tankin lungu ya sake shi shi kaɗai, ya ce wa duk mai tambaya wai masifaffiya ce, ba ta zama da 'yan'uwanta. Maigadi, wanda bai san cewa shi aka yi wa ƙwace ba, shi ne ya sa mata suna Gwaggo, don a cewarsa yana da irinta a gida: ta ci, ta kwanta, ta harari mutane. Duk lokacin ƙyanƙyasa in an tambayi labarinta, amsa ɗaya ce, ba ta nuna ba tukuna. Manajoji suka yi ta zuwa suna tafiya, kowanne ya gaji Gwaggo kamar yadda ya gaji kabad ɗin ofis da mukullinsa ya ɓata, bai kuma ga abin tonawa ba.

Gane namijin tarwaɗa ba wani ilimi ba ne. Juya shi za ka yi, ka ga wani ɗan tsinin nama a ƙasan ciki, shi ke nan. Don haka duk dabarar Ungozoma ta tsaya a kan abu ɗaya, kada kowa ya juya Gwaggo. Ya baza labari cewa tana cizo, yana nuna wani dogon tabo a babban yatsansa. Tabon na gaskiya ne. Almakashin matarsa ne ya yi masa, ranar da ta sa shi riƙe mata yadi.

Ita kaɗai ta san gaskiya, matar tasa. Tela ce, keken ɗinkinta a tsakar falo yake, inda ya kamata a ce tebur ne, kuma ta iya magana da allurai uku a baki ba tare da ko ɗaya ta faɗi ba. Da ya gaya mata, ba ta ɗago daga keken ba, ta ce to madalla, an samu abokin zama. Tun daga ranar, in ya dawo da yamma takan tambaye shi ya ya baro mutumin nasa, ko ya tashi daga barci.

Shi dai yana ce wa kansa tausayi ne. Amma wanda ya farke dubban cikuna da safe ya kuma ci abincin rana da hannun nan, ba tausayi ne zai kama shi a kan guda ɗaya ba. Abin ya fi haka zurfi, kuma bai kai haka kyau ba. Shi ne ɗan fari, mahaifinsu ya rasu da wuri, tun bai fara aske gemu ba ya zama wanda ake zuwa wurinsa. Ƙanne, 'ya'yan ƙanne, daga baya 'ya'yansa da mazajensu, babu wanda ya taɓa yin sallama a ƙofarsa ba tare da abin da ya kawo shi ba. Suna sonsa, wannan ba a musu. Amma bai taɓa samun damar gwada ko za su so shi in ba ya tsinana komai ba, kuma ritaya tana matsowa, gwajin zai zo ko yana so ko ba ya so. Ya san abin da ake yi wa namiji in an gama da abin cikinsa, da hannunsa yake yi. To ga wani a tankin lungu da bai taɓa amfanar kowa da komai ba, yana ci, yana barci, yana ƙiba, duniya kuma ba ta tashi ba. Kullum da rana Ungozoma kan zauna a gefen tankin da kwanon abincinsa, yana jefa masa ƙwayoyin abinci ɗaya bayan ɗaya, yana kallonsa kamar mai kallon gidan da yake fatan tarewa wata rana.

Sai ga Dakta, sabuwar mai bincike da aka turo cibiyar. Yarinya ce, sa'ar 'yarsa ta biyu, da takalman roba har gwiwa da hannun riga a naɗe. Ranar farko ta ce masa Baba, ta sa hannu a tanki ta kamo kifi da kanta ba tare da ta yamutsa fuska ba. Nan take ya ji ta kwanta masa a rai, nan take kuma ya fara shakkarta.

Aikinta shi ne bin diddigin yadda ƙwayoyin haihuwa ke girma a cikin kifi, na mace da na namiji, tun suna abin da ido ba ya gani. Takan yanki ɗan guntu daga jakar ƙwai ko jakar namiji, ta daskarar da shi a kaki irin na kyandir, ta yanka shi siriri fiye da fatar albasa, ta rina shi ja da shuɗi, ta ɗora a gilashi. Kuma tana da halin nan na wanda ke son aikinsa, ba ta iya gani ita kaɗai. Duk wanda ya wuce ta ƙofarta sai ta jawo shi ya leƙa madubin likita. Maigadi ya leƙa sau ɗaya ya ce ya ga atamfa. Ungozoma ya leƙa, ta tsaya a kansa tana nuna masa.

Ta ce ƙwai yana farawa ɗan mitsitsi, kusan duk jikinsa wani ƙaton ido ne a tsakiya. Sai ya fara tara kaya. Ɗigon mai ya taru a gefe-gefe, gwaiduwa ta shigo ta cika ɗaki, bawo ya yi kauri, har idon nan ya rasa wurin zama ya koma can gefe ya raɓe. In ka ga haka, ƙwai ya nuna. Ta canja gilashi. Ta ce na namiji akasin haka yake. Yana farawa babba, kewayayye, da ƙibarsa. Sai ya rabu biyu, biyun su rabu, kowane mataki yana ƙara ƙanƙancewa yana zubar da kayan jikinsa, har ya zama ba abin da ya rage sai kai da wutsiya.

Ungozoma ya daɗe da idonsa a madubin. Da ya ɗago ya ce, "Haka abin yake a gidana ma, Dakta."

Ta yi dariya har da riƙe tebur. Ya ji daɗin dariyar, ya kuma saki jiki, wanda bai kamata ba. Don kwana kaɗan bayan haka, tana zagaya tankuna, ta tsaya a lungu ta tambayi wace ce wannan uwar. Ya ba ta amsar da ta ƙoshar da manajoji huɗu. Ita ba ta ƙoshi ba, ta tambaya tun yaushe. Maigadi, wanda ba a kira shi ba, ya amsa daga bakin famfo cewa tun kafin a haifi autarsa, ga ta yanzu tana makaranta.

Ungozoma ya ga idon Dakta ya yi wani haske, irin wanda yake gani a idon Maigadi in an ɗauko baho. Ta ce macen da ta kusa shekara goma ba ta nuna ba, ai ita take nema ba ta sani ba. Lallai ƙwanta ya tsaya a wani mataki ya ƙi gaba, kuma in an san matakin, an san abin da ke tura ƙwai gaba a sauran. Ta ce tunda ƙwan bai nuna ba, ba zai fito da matsa ba, sai an buɗe ta an ciro jakar gaba ɗaya. Ta ce maganin rini ya ƙare mata, amma yana hanya, da ya iso za a yi.

Ya koma gida a ƙafa, ya manta ya zo da keke. Ƙaryar da ta raba Gwaggo da wuƙa ita ce yanzu take wasa wuƙar. Ya zauna ya zayyana wa matarsa, ita tana taka keken ɗinki. Ta ce ya je ya faɗi gaskiya mana. Ya ce in ya faɗi gaskiya namiji ne, namiji kuma an san makomarsa. Ta ce to ya ci gaba da ƙaryar. Ya ce in ya ci gaba mace ce da ta ƙi nuna, ita ma yanzu an san makomarta. Matar ta cire allura ɗaya daga baki ta ce ashe mutumin nasa ya shiga uku ta kowace ƙofa, ta mayar da allurar.

A hanyar zuwa aiki da safe dabara ta zo masa, ya kuma ɗauke ta a matsayin wahayi. Abin da ya ja hankalin Dakta shi ne rashin nuna. To a nuna mana. In cikin Gwaggo ya cika ya yi tulu, ta zama mace kamar kowace mace, Dakta ta juya ga wani abu. Ya shiga ɗura wa kifin abinci safe da rana da yamma, har da hanjin kaji da yake karɓowa daga mahauci a leda. Gwaggo, wadda ba ta taɓa tambayar dalilin alheri ba, ta buɗe baki ta karɓa. Cikin 'yan kwanaki ta zama kamar an cusa mata ƙwallo, ko juyawa a tankin sai ta yi shawara.

Ya je ya tsaya a ƙofar Dakta yana murza hula, ya yi mata albishir cewa Allah ya yi, Gwaggo ta nuna, sai a bar ta cikin sahun sauran mata.

Dakta ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ta ce bayan shekara goma, rana ɗaya, ba allura ba komai? Ai wannan ya fi na farko. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, yanzu ba sai an yanka ba, akwai wani siririn bututu da ake zurawa a zuƙo ƙwai kaɗan a duba, kifi ko ji ba ya yi. Ungozoma ya yi hamdala ya tafi ɗauko raga. Sai da ya kai bakin tanki da raga a hannu ya tuna ta inda ake zura bututun: sai an juya kifi.

Ya nuna mata yatsansa. Ya ce tana cizo, ya ce ta bari shi ya yi, ya ce shi ma ya iya bututu. Dakta ta duba tabon da kyau ta ce lallai haƙoran Gwaggo a miƙe suke kamar an sa ma'auni, ta ɗiga man kanumfari mai sa kifi barci a baho ta ce a saka ta ciki. Kifin ya yi iyo kaɗan, ya karkata, ya yi laƙwas. Suka ɗora shi a tebur su biyu. Dakta ta sa hannu biyu ta juya shi.

Ta ɗan danna cikin da yatsa, abin da ya fito ba ƙwai ba ne, kuma duk wanda ke ɗakin ya san hanjin kaji ne jiya. Ta dubi ɗan tsinin nan, wanda ke tsaye a wurinsa ba kunya ba tsoro. Ta dubi Ungozoma.

"Baba," in ji ta, "Gwaggon nan taka kawu ce."

Ya matso ya leƙa kamar yau ya fara gani. Ya girgiza kai ya ce ikon Allah, da ba haka take ba. Ya ce ai ya taɓa ji ana cewa akwai kifin da ke canjawa. Dakta ta ce ƙwarai akwai, a teku, amma tarwaɗa ba ta cikinsu, kuma ko a cikinsu ba ta taɓa jin wanda ya canja saboda hanjin kaji ba. Ba ta yi fushi ba. Da ma fushin ta yi. Sai ya ga hasken nan ya dawo idonta, ya ma ƙaru. Ta ce ya san kuwa abin da ya ajiye? Duk inda ake wannan aiki, namiji ba ya wuce shekara biyu ake yanka shi, don haka ita dai ba ta taɓa ganin cikin tsohon namiji ba. Shin yana ci gaba da yin sababbin ƙwayoyi, ko jakar ta bushe? Ga amsa a kwance a tebur.

Maigadi, da ya leƙo ta taga ya ji kalmar namiji, ya ɓace. Can sai ga shi da baho, wankakke.

Ungozoma ya tsaya da tawul a hannu. A duk rayuwarsa shi ake roƙo, bai san ta inda ake fara roƙo ba, don haka abin ya fito masa a karkace, kamar faɗa.

"Dakta, ni ba zan buga masa sanda ba. In za ki kore ni ki kore ni."

Ta tambaye shi tun yaushe yake ciyar da kifin nan da hannunsa, ya ce tun farko. Ba ta tambaye shi dalili ba, ya kuma gode mata a ransa. Ta ce akwai wata hanya, an koya musu. A sa shi barci, a buɗe kaɗan, a yanki guntu kamar ƙwayar wake, a ɗinke. Mutane ba sa yi ne don namiji ba shi da tsada, ɗinki kuma yana cin lokaci. Ta ce ba ta yi masa alkawarin zai tashi ba, tsoho ne, kuma sai an bar shi da yunwa cikin nan ya sauka tukuna. Ya shiga yi mata godiya yana cewa Allah ya saka da wannan jinƙai. Ta karɓi godiyar ba ta gyara masa ba, ko da yake a ranta ta riga ta lissafa cewa mataccen namiji sau ɗaya ake dubawa, rayayye kuwa duk shekara.

Ranar aikin shi aka ba riƙon kai, da butar da zai riƙa zuba ruwa a bakin kifin don kada numfashi ya tsaya. Mutumin da ya farke dubban cikuna yana hira, da ya ga bakin wuƙar Dakta ya shiga farar fatar nan sai ɗakin ya fara juya masa. Ya kafe idonsa a kan gashin bakin kifin yana zuba ruwa, rabi a kifi rabi a takalmin Dakta. Ita ko ɗagowa ba ta yi ba, ta yanki abin da za ta yanka, ta tsiyaye sauran ruwan jakar a wata 'yar kwalba don kada ya tafi a banza, ta ɗinke. Maigadi na zaune a bakin ƙofa da bahonsa a cinya, ya ce ba wai yana fata ba ne, ko da dai.

Kifin ya farfaɗo. Ya sauka ƙasan tanki ya kwanta ya juya wa duniya baya, ya kuma ƙi abinci.

Shi yana kwance, sunansa yana tafiya. Dakta ta gama gilashinta ta kira Ungozoma ya leƙa. Jakar tsohon cike take maƙil. Manyan kewayayyun nan a gefe, matsakaita a bayansu, ƙanana, har zuwa tsakiya inda masu kai da wutsiya suka yi cincirindo kamar ƙofar filin ƙwallo. Babu matakin da ya ɓace. Ta ce da ba ta san mai shi ba, da ta rantse na ɗan shekara ɗaya ne. Ruwan da ta tsiyaye a kwalba kuwa an zuba shi a kan ƙwan wata mace, ya ƙyanƙyashe har tire ya yi baƙi. Manaja ya sauko da kansa ya ga kifin, ya ce a yi wa tankin fenti. Ɗalibai suka fara zuwa ɗaukar hoto. Aka daina cewa Gwaggo, aka koma cewa Kawu, da girmamawa.

Ungozoma ya yi murmushi inda ya kamata, ya amsa barka. Amma da rana, da ya zauna a gefen tankin, abin da ya ji ba murna ba ce. Shekara goma yana kallon wanda ya ɗauka ya tsira daga amfani, ashe duk lokacin nan munafukin yana kwance yana aiki a ɓoye, dare da rana, ba hutu, ya fi kowa a cibiyar himma. Ya jefa ƙwayar abinci, ta yi yawo a saman ruwa ba a kula ta ba.

"Ashe kai ma," in ji shi.

Kifin bai motsa ba. Kwanaki suka wuce, ƙibar nan ta zube, kan ya fara yi wa jikin girma. Dakta ta duba ɗinkin ta ce bai ruɓe ba, amma in bai ci ba babu abin da za ta iya. Ungozoma ya gwada hanta, ya gwada tana, ya gwada lallashi, ya gwada ba da haƙuri. A gida shi ma ya fara mayar da kwano kamar yadda aka kawo shi.

Wannan ne matarsa ba ta ɗauka ba. Wata rana da hantsi sai ga ta a ƙofar cibiyar, karo na farko tun aurensu, da kular abinci a hannu da zare manne a gefen mayafi. Maigadi ya tambayi wa take nema, ta faɗi sunan mijinta, ya ce babu mai wannan suna a nan. Ta ce to Ungozoma. Ya buɗe ƙofa da sauri.

Ta gaisa da Dakta, ta ce 'yata, a nuna min aikin. Dakta ta sa aka ɗago kifin a raga aka juya shi. Matar ta sunkuya, ta gyara tabarau, ta bi ɗinkin da ido daga farko zuwa ƙarshe. Ta ce zai riƙe, amma tazarar ba ta daidaita ba, kuma an ja zaren da yawa a ƙarshe, da riga ce da ta tattare. Dakta ta ce za ta kiyaye a na baɗi. Ungozoma ya ji kalmar baɗi ta wuce ta kansa.

Da aka mayar da kifin ya koma lungunsa ya kwanta. Matar ta tambayi yadda ake ba shi abincin, mijin ya nuna mata, ƙwaya ɗaya, a hankali, da 'yar murya. Ta yi tsaki. Ta ɗebi cikin hannu daga buhu ta watsa kamar mai korar kaji, ta ce da kifin ya tashi ya ci ko ya bari, babu mai lokacinsa, wanda aka ɗinke ai ba shi ne farkon wanda aka ɗinke ba. Ta juya ta fara kwance kular.

Ba ta ga lokacin da ya taso ba. Ungozoma ne ya gani. Gashin baki ya fara motsi, wutsiya ta kaɗa sau ɗaya, sai ga ƙaton kan nan ya fasa ruwa ya haɗiye abin da ke gabansa, ya juyo ya ƙara. Maigadi, da ke tsaye a baya, ya kalli bahonsa ya kalli tankin, ya je ya tara bahon a ƙarƙashin famfon da ke yoyo.

Matar ta miƙa wa mijinta kwano da cokali ba tare da ta dube shi ba. Ya zauna a gefen tankin ya fara ci. Ta tsaya tana kallon kifin, can ta ce, kamar da kifin take, in lokacin ritaya ya yi mutum ya dawo gida ya zauna kawai, ga kujera nan kusa da taga, babu wanda zai sa shi komai.

Ya daina tauna. Ya ɗago ya dube ta.

"Sai dai ɗan riƙe min yadi," in ji ta.